Wai nasiha kenan kuka yi masa?

Duk wanda ya je sujada ran Lahadi ya ji abin da aka yi wa yaron nan, ba sai na maimaita ba. Madalla da ku dattawa, kun hau bagade kun riƙe makarufo kun kira sunanshi gaban mata da yara, wai wata 3 bai leƙo coci ba kuma an gan shi inda bai kamata ba. Sannunku da aiki, sai ku zauna jiran lada.

Tambayata guda ce. Cikin wata ukun nan wa ya taka ya je ɗakinshi? Unguwar Mabera ce fa, nan cikin Sakkwato, nawa ne kuɗin kabu-kabu? Uwarshi ta rasu, aka yi gaisuwa aka watse, ya daina zuwa koyon waƙa, ba wanda ya ce masa kai lafiya. Wa ya je?

Kar wani ya shigo min kwament da zancen horon ikilisiya, na san da shi. Buɗe Matiyu 18:15, cewa aka yi ka je ka same shi daga kai sai shi. In ya ƙi ji ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, ikilisiya ita ce ta ƙarshe. Ku kun kamo abin ta wutsiya.

Dubi Luka 24 mana. Almajirai biyu sun fid da rai sun juya wa Urushalima baya, sun kama hanyar Imuwasu, tafiyar kusan mil 7. Yesu ya bi su ya jera da su, ya tambaye su abin da suke tattaunawa, ya bari suka amayar da duk abin da ke cikinsu. Ya yi musu faɗa, ƙwarai kuwa, amma a kan hanya ya yi, ƙurar da ta bule su ta bule shi, ƙarshe har ya zauna cin gurasa da su. Ko abokan Ayuba da muke zagi sai da suka yi kwana 7 zaune a ƙasa tare da shi kafin wani ya buɗe baki.

Ni ma na taɓa ɓacewa haka. Wata tsohuwa ƴar zumuntar mata ce ta riƙa zuwa duk Laraba cikin zafin Afrilu na Sakkwato, da kunun zaƙi a leda, ta zauna kan tabarma tana fifita da gefen zane ta ce "ɗana, ka ci abinci?" Sai a zuwa na huɗu ta ce mu yi addu'a, ranar na yi kuka kamar yaro. Ba ta taɓa riƙe makarufo ba har ta koma ga Ubangiji.

Af, tunda ana son sanarwa, kuɗin gyaran fankoki da muka tara tun kafin Ista fa? Har yau biyu ne ke juyawa, layin baya takardar waƙa muke fifita da ita.