Ɗaurin roba ba gyaran shawa ba ne

A Maraɗi, in kan shawa ya fara ɗiga, abin da ake yi sananne ne: a yanko robar tayar babur, a naɗe wuyansa tam, a turo bokiti ƙarƙashi. In ka yi magana a ce ai ruwan bai ɓaci ba, da shi za a yi alwala ko a ba awaki. Gaskiya ne bai zube ƙasa ba, amma kwantar ruwa tana can tana juyawa, ƙarshen wata kuma maigida ya hau faɗa wai yara na wasa da ruwa.

Ni da nake zaune a Faransa yanzu, ban ga wata dabarar da suka fi mu ba. Hasali ma yaron da ke gyaran pompo a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a Maraɗi ya fi yawancin maƙwabtana iya riƙe sifana. Abin da ya sa su ba sa barin ɗigo ya kwana shi ne tsada. Kiran mai gyara, tun kafin ya taɓa komai, kuɗin zuwansa kaɗai ya isa cefanen gida a can wajenmu. Kuma wata doka ta 1987 ta ɗora wa ɗan haya ƙananan gyare-gyare irin su sauya roba da tiyon shawa, ba mai gida ba. To dole mutum ya koya.

Da na koya sai na ga ciwon ba ɗaya ba ne, mu kuma magani ɗaya muke ba shi. In ruwa na tsartuwa ta wuya lokacin da ake wanka, ƴar robar nan mai kamar zobe da ke cikin mahaɗa ce ta bushe ta tsage. Ka warware kan, ka zaƙulo ta da tsinke, ka kai wa masu kayan pompo a babbar kasuwa su ba ka daidai ita. Ka naɗa farin tef ɗin nan, Teflon, a kan zaren, ta ɓangaren da ake ɗaurewa, in ba haka ba zai kwance yana shiga. Ɗaurin hannu ya isa. Mai matsewa da ƙarfi da filaya shi ke fasa kan roba.

In kuwa ka rufe pompo amma yana ta ɗiga har dare ya raba, kan shawa ba shi da laifi, ko sabo ka sayo haka zai yi. Matsalar tana cikin marufin pompon, nan ake sauya roba, bayan an rufe ruwan gidan daga wajen kwantar. Wannan shi ne ɗaurin robar taya ba ya taɓa kaiwa gare shi. Ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa yakan kai kimanin jarkar lita 25 a kwana guda. Wanda ya taɓa jiran ɗan garuwa cikin zafin watan Afrilu ya san darajar jarka guda.

Toshewar ƙofofi kuma, a nan farin gishirin ruwa ne ke yin ta, sai a jiƙa kan cikin binigar ya kwana. A gida na fi ganin yashi da tsatsa, allura da tsohon burushin haƙori sun wadatar.

Inda muka fi su, mu ba ma jefar da abu mai sauran rai. Nan mutum zai jefa kan shawa lafiyayye cikin shara saboda ƙofa uku sun toshe, abin yana ba ni haushi. Amma ɗigon da aka bari, danshinsa bango yake ci daga ciki. Mu muna ganinsa: siminti ya kumbura ya ɓare, in katangar ƙasa ce kuma damina ta zo ta same ta jiƙe tun daga gindi. Robar da ba ta kai jika ɗaya ba aka ƙi saye, ga shi ana ta cigiyar magini da buhun siminti.