Taken hoto daban, rubutun madadinsa daban

Masu wallafa da yawa a intanet suna ɗauka cewa da zarar sun sa take a ƙarƙashin hoto, makaho ya samu rabonsa. Ba haka ba ne. Take na mai ido ne, yana karanta shi yana kallon hoton. Rubutun madadi kuwa, wanda ake kira alt, a ɓoye yake, sai manhajar karanta allo irin TalkBack ta Android ko VoiceOver ta iPhone ta furta shi a kunnen wanda ba ya gani.

A ce hoton Kasuwar Kurmi ne. Take zai iya tsayawa a "Kasuwar Kurmi, Kano". Madadi dole ya faɗi abin da ido ke gani: dattijo zaune kan tabarma yana ɗinka takalmin fata, jakunkuna rataye a bayansa. In ba a sa madadin ba sam, wata manhajar sai ta hau karanto sunan fayil, lamba bayan lamba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne katin gayyatar ɗaurin aure da ake turawa a matsayin hoto. Rana, lokaci da masallaci duk suna ciki, don haka sai an sake rubuta su a madadin.

Tun 2016 Facebook ke kintatar bayanin hoto da kansa, amma "mutum biyu suna tsaye" bai gaya wa kowa ko su waye ba. Hoton ado kawai, kamar zanen gefen shafi, shi ne ƙa'idojin W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, suka yarda a sa masa madadi amma fanko, don manhaja ta wuce shi.