Waƙar Sudan ba kwafin ta Masar ba ce

Akwai wata magana da nake yawan ji a majalisar matasanmu nan Jidda in an zo hirar mawaƙa, wai waƙar Sudan ai ta Larabawa ce kawai, Masar suka kwaikwaya. Na san abin da ya sa ake faɗin haka, yaren Larabci ne, ga ud (molon Larabawa) ga goge irin na turawa a ƙungiyar makaɗa, kuma gaskiya Alƙahira ta yi tasiri wajen shigo da kayan kiɗan nan. Amma abin yana damuna wallahi.

Ginin karin waƙar Sudan a kan muryoyi 5 yake, irin wanda kunnen Bahaushe da na mutanen Habasha ya saba da shi, su kuwa Misirawa maƙam ɗinsu, wato tsarin karin waƙarsu, galibi muryoyi 7 ne har da 'yan rabe-rabe a tsakani. Ka sa waƙar Ummu Kulsum ta Masar, sannan ka sa ta Muhammad Wardi na Sudan, ko ba ka san komai a kiɗa ba za ka ji hanyar ba ɗaya ba ce, ta Wardi kana iya bin ta da baki nan take. Shi Wardi ma Banube ne, wato ɗan ƙabilar Nubiyawa, daga yankin Wadi Halfa a arewacin Sudan, ya yi waƙa da yarensu, ya rasu 2012.

Sannan macen da ta fara waƙa a rediyon Omdurman na Sudan farkon shekarun 1940, A'isha Falatiya, jinin Hausawa ce, 'yar malami, ta rera da Larabci ta rera da Hausa har ta rasu 1974.