Iya mota daban, iya hanya daban

Duk yammacin da ka bi ta filin Idi ko filin ƙwallon unguwa a garuruwanmu, da wuya ka rasa mota guda tana zagaye tana tuma, yaro a kan sitiyari, yayansa ko direban gidansu a gefe yana ta faɗa: "Saki kulocin a hankali! Ƙara totur! Kai, birki, birki!" Bayan ɗan lokaci yaro ya daina kashe mota, ya iya ribas, yana sauya giya ba ƙara. Sai a ce ai wane ya iya mota. Washegari a miƙa masa makulli ya kai Hajiya gidan biki.

Ra'ayina a nan, ko da wasu ba za su ji daɗinsa ba, shi ne abin da aka koya masa a filin nan shi ne mafi sauƙi a cikin tuƙi baki ɗaya. A fili babu mai Adaidaita da zai tsaya cak a gabanka don ya hango fasinja, babu tirela, babu yarinya mai tallan gyaɗa da za ta faɗo titi a guje. Hannu da ƙafa kawai aka horar. Abin da ke raya direba a kan titi kuwa shi ne ya san abin da sauran mutane za su yi, su ma su san abin da zai yi tun kafin ya yi. Dokokin hanya da alamomin nan da muke rainawa, aikinsu ke nan.

Matsalar ta fara ne daga lasin. A ƙa'ida sai ka cika shekara 18, ka shiga makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta amince da ita, ka karɓi takardar izinin koyo, ka liƙa jan harafin L gaba da baya, jami'an VIO, wato masu duba lafiyar motoci, su gwada ka, sannan a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: mutum nawa ne a cikinmu suka bi wannan layi? Abin da aka fi ji shi ne, "Akwai wani da na sani, ba shi kuɗi da fasfo kawai, zai kawo maka har gida." Mutum ya riƙe katin da ke cewa an gwada shi, alhali ko littafin dokokin hanya bai taɓa gani da idonsa ba. Shi kansa harafin L ɗin, samarinmu kunyarsa suke ji, wai kada 'yan mata su ce ɗan koyo ne. Alhali shi ne yake sa na bayanka ya ba ka tazara, ya yi maka uzuri idan mota ta mutu a tsakiyar danja.

A ɗauki shataletale. Tsaya gefe minti biyar a kowane babban shataletale a Kano ko Kaduna ko Sakkwato da misalin ƙarfe biyar na yamma, ka ga yadda ake shiga: wanda ya fi ƙarfin hali da ƙarar hon shi ne mai hanya. Dokar kuwa ba ta da wuya ko kaɗan. Wanda ya riga ya shiga, wato wanda ke zuwa ta hagunka, shi ke da hanya, kai mai shirin shiga kai za ka jira. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Gowon, Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, ta yi daidai da maƙwabtanta irin su Nijar da Chadi da Kamaru. Sama da shekara hamsin ke nan, amma har yau za ka ga direba ya danno kai cikin shataletale yana zagin wanda ke ciki.

Alamomin bakin hanya ma ba sai ka yi boko mai zurfi za ka gane su ba, siffarsu kaɗai ta isa ta ba ka rabin labari. Zagaye mai jan baki hani ne: kada ka shiga, kada ka juya, kada ka wuce gudu kaza. Zagaye mai shuɗi umarni ne, nan za ka bi. Mai kusurwa uku gargaɗi ne, akwai kwana ko gada ko makaranta ko mahaɗa a gaba. Jan nan mai kusurwa takwas yana nufin ka tsaya cak, ko da ba ka ga kowa ba. Farin layin tsakiyar titi idan a yayyanke yake kana iya shan gaban mota in hanya ta yi sarari. Idan a miƙe yake ba yankewa, zauna a hannunka. Na san za a ce ai rabin hanyoyinmu babu layin, allunan ma 'yan jari-bola sun cire ko an liƙe su da fastar 'yan siyasa. Gaskiya ne, kuma abin kunya ne ga hukuma. Sai dai inda suke ɗin ma, nawa ne ke kallonsu?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wasu "dokoki" da muka ƙirƙira da kanmu, kuma su ne sabon direba yake fara ɗauka saboda su yake gani kullum. Mutum zai iso mahaɗa ya kunna sigina biyu, wai yana nufin miƙewa zai yi. Wa ya ce? Fitilun nan na gaggawa ne, na motar da ta lalace ko ta zama haɗari a kan hanya. Wanda ke gefe kuma ɓangare ɗaya kawai yake hangowa, sai ya ɗauka kwana za ka sha, ya shigo. Wani zai haska maka fitila sau biyu: a wajen wannan ma'anarta "wuce", a wajen wancan "kada ka kuskura, ga ni nan tafe". Sabon direba ya yi kuskuren fassara sau ɗaya, an gama. Mota ta lalace a kan hanyar Zariya da dare, maimakon alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli da doka ta ce kowace mota ta riƙe, sai a karyo reshen darbejiya a jera, a sa dutse. In an gyara a tafi a bar dutsen a tsakiyar titi, ya jira mai babur.

Sai kuma sabon salon da ya ƙaru tun da aka cire tallafin mai a 2023: saka mota a firi a gangara, wasu har su kashe inji don a rage shan mai. Ƙanina, in ka ga ogan da ya koya maka yana yin haka, kada ka ɗauka. A yawancin motoci, da ka kashe inji abin da ke taimaka wa birki da sitiyari ya daina aiki. Taka ɗaya ko biyu birki zai ba ka, na gaba sai ka ji shi ya yi tauri, sitiyari ya yi nauyi. Man da ka tsira da shi bai kai cikin kofi ba.

Mu zo kan gudu, don nan ne yawancin gawarwakin suke. Ƙa'idar ƙananan motoci a Najeriya ita ce kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya irin ta Kano zuwa Kaduna. Da yawa suna jin 100 kamar tafiyar tsoho ce. To ga lissafi: motar da ke kan 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ka sunkuyar da kai daƙiƙa uku ka duba wanda ya turo saƙo a WhatsApp, ka yi tafiyar sama da mita 80, kusan tsawon filin ƙwallo, ido a rufe. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. Wannan ba dokar gwamnati ba ce da za ka ba wani ɗari biyar ya ɗauke kai. Shi ya sa ake cewa ka bar tazarar aƙalla daƙiƙa biyu tsakaninka da na gaba: ka lura da wata bishiya ko turken wuta, in ya wuce ta ka ƙirga, idan ka iso kafin ka gama ƙirga biyu ka matse shi da yawa. Da damina ko lokacin hazon hunturu, ninka.

Tirela kuma tana da nata karatun. In ba ka hango madubin direbanta ba, shi ma bai gan ka ba. In za ta sha kwana sai ta buɗe ta ɗaya gefen tukuna, sai ɗan koyo ya ga sarari ya cusa kai, gindin motar ya biyo ya murƙushe shi. Kada ka sha gabanta a kwana, ko a kan tudu, ko a kan gada, komai ɗagin hannun da yaron mota zai yi maka daga sama.

Bel kuwa, tun 2003 aka fara tilasta ɗaura shi a ƙasar nan, amma har yau na 'yan rodsefti ne. Ana hango motarsu direba zai ce, "Alhaji, ɗan ja bel ɗin nan," a rataya shi a kafaɗa ba a ko maƙala ba, ana wucewa a saki. Ga jariri a cinyar uwa a kujerar gaba, ga yaro ɗan shekara huɗu tsaye tsakanin kujeru. In aka taka birki da ƙarfi a kan 80, babu hannun uwar da zai iya riƙe ɗa, duk son da take masa.

Na san amsar da ake bayarwa: tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi. Babu musulmin da zai musa ƙaddara. Amma shi wanda ya zo mana da imani da ƙaddarar, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kuma da ya lissafa haƙƙin hanya, kame cutarwa daga mutane na ciki. Wanda ya sa tsohuwar tayar Beljiyam da ta tsattsage, ya ɗauki hanyar Maiduguri da zafin watan Afrilu a kan 140, bai ɗaure komai ba. Shekarun tayar ma a rubuce suke a jikinta, lambobi huɗu: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a sati na 23 na 2018. Mai faci ba zai gaya maka ba in shi ne mai sayarwa.

Laifin ba na yaran kaɗai ba ne, har ma zan ce nasu kaɗan ne. Yaro ya tashi yana ganin babansa yana bin wan-we don ya kauce wa zagaye, yana tsallake danja in ba ɗan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, a wurin, in an tare shi ya ce "ka san ko ni wane ne?" Me kake so ya koya? Ranar ɗaukar amarya kuma mu da kanmu muke ba su makulli, mu tsaya a ƙofar gida muna kallo suna wasa da mota, 'yan mata a zaune a kan tagogi, ana guɗa. In ta kife a ce Allah ya kiyaye gaba, a yi sadakar uku, biki na gaba a sake.

Don haka yayye da iyaye, kafin ku sakar wa ƙaninku ko ɗanku mota, ku zauna gefensa ya tuƙa ku cikin gari lokacin tashi daga kasuwa, da rana da kuma dare. Ku lura ko yana duba madubi kafin ya sauya hannu, ko yana kunna sigina tun kafin ya isa kwana, ko yana rage fitila in mota ta taho, ko yana tsayawa mai tafiya a ƙasa ya tsallaka. In ya kasa ɗaya daga ciki, a ƙara masa sati. A nema masa littafin dokokin hanya ya karanta, a bar shi ya je gwajin da ƙafarsa. Sannan a sa masa 122 a waya, lambar gaggawa ce ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, kuma kiran kyauta ne.