Tsutsar masara ba daga sama take faɗowa ba, a fara nemanta a fadama

Duk wanda ya yi noma a ƙasar Zazzau a 2016 ba sai an tuna masa ba. Shekarar da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, kuma a farkon shekarar ne masana a Ibadan suka fara ganin wata baƙuwar tsutsa a cikin masara, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take. Ita ma sharon ɗin baƙuwa ce, daga Kudancin Amurka ta shiga Sifen a 2006 kafin ta gangaro mana.

Abin da ke damuna shi ne har yau muna ɗaukar zuwansu kamar saukar aradu, alhali ana iya hasashen hanyarsu. Bayan tsutsar masara ta mamaye Afirka masana sun zauna da kwamfuta, suka haɗa bayanan zafi da ruwan sama da wuraren da ake shuka masara, suka ce kudancin Asiya da Ostireliya su shirya. To ga shi kuwa, 2018 tana Indiya, 2019 tana Sin, 2020 ta isa Ostireliya. Ba duba ba ne fa, lissafi ne, uwar tsutsar irin malam-buɗe-littafin nan ne na dare, in iska ta taimaka mata sai ta ci kilomita 100 kafin gari ya waye, kuma guda ɗaya tana iya zuba ƙwai kusan 1,000.

Amma taswirar duniya ba ta da wani amfani ga manomin Soba ko Giwa, shi so yake a ce masa wane mako zai fara leƙa tsakiyar masararsa. Kuma ni a ganina amsar tana bakin kogin Galma. Wannan tsutsa ba ta iya kwanciya ta yi barci ta jira wata shekara, dole sai ta samu ɗanyen ganye kullum. A Amurka sanyi ke kashe ta, sai ta fake a kudancin Fulorida da Tekzas, in ɗumi ya dawo ta sake hawa arewa. Mu nan ba ƙanƙara, rani ne ya kamata ya karya ta, to amma masarar noman rani da muke shukawa don gasawa ita ce masaukinta, nan take renon 'ya'yanta har ruwan farko ya sauka ta fantsama gonakin tudu.

Na san za a ce wai ina zargin masu noman rani. Wallahi a'a, da su muke ci, kuma su ne ma ya kamata su zama idonmu. Akwai tarko mai ƙanshin macen da ke janyo mazan, malamin gona ya kafa shi a fadamun Galma da Shika tun Maris, duk mako a ƙirga abin da ya faɗa ciki, a haɗa da hasashen damina na hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, shi kenan an san inda za ta fara ɓulla. Muna da cibiyar binciken noma ta IAR da ta wayar da kan manoma NAERLS a Samaru, ilimin yana nan Zariya, ba sai an je ko'ina ba, kuɗin mai da na tarko ne sai gwamnatin jiha ta ware.

Wasu kuma na cewa ai tun 2024 an fitar da masarar TELA mai jure tsutsar. Haka ne, sai dai ba kowa ke da ita ba, wasu ma ba su yarda da ita ba, kuma ba ta hana sharon cin tumatir.

Sakamakon ƙirgan nan a faɗe shi a rediyo da Hausa, a tura a guruf-guruf na WhatsApp, a sanar ranar kasuwar Giwa da ta Makarfi. Don in mutum ya ga kashin nan mai kama da dusar katako a tsakiyar masara, tsutsar ta riga ta girma ta shige ciki, feshi uku ma ba lallai ya kai gare ta ba, ga kuɗin magani ya tafi.