Muna koyar da mai ciki, amma izinin fita na hannun wani

Ni ungozoma ce, ko daya kamar yadda ake kiranmu a nan Sudan. Cikin aikina har da tara masu ciki ranar awo, a wata unguwar Hausawa a Gadarif, in koya musu shirin haihuwa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wadda muke koyarwa ba ita ke da ta cewa ba ranar da abu ya ɓaci.

Darasin kansa ba wuya. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi, ɗa ya daina motsi, ko faya ta fashe naƙuda shiru: duk wadda ta ga ɗaya daga ciki, asibiti kawai. Mata na haddace wannan tsaf. Amma idan abin ya zo ƙarfe biyun dare, maigida na gonar riɗi, uwar miji ta ce a ba ta rubutu ta sha a jira gari ya waye, me haddar za ta yi mata? Jinin bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa 2. Ba ya jiran asuba.

Mai cikin fari ta fi ba ni tausayi. Za ta zauna can bakin tabarma, ta ja mayafi har hanci, tana murza katin awo a hannu. In tambaye ta watan cikinta nawa, sai rakiyarta ta amsa. An raine ta a kan cewa 'yar gidan mutunci ba ta raki, ba ta ma faɗin naƙuda ta fara. Ina son kunyarmu, wallahi, da ita aka raine ni. Amma na ga yarinyar da ta wuni ta kwana tana cije leɓe a ɗaki, ba wanda ya sani, sai da jijjiga ta kama ta. Wannan ba kunyar da addini ya yaba ba ce.

Ga kuma yaƙi. Tun Afrilun 2023 Gadarif ta cika da waɗanda suka gudo daga Khartum, daga baya na Wad Madani da Sinja suka biyo. Mace za ta zo da cikin wata takwas, ba kati, ba a taɓa auna jininta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu, mu kuwa wata sau ɗaya za mu gan ta. Da damina baƙar ƙasar nan takan zama taɓon da ko karo, wato amalanken jaki, ba ya ratsawa, balle raksha, wato babur mai ƙafa uku.

Masana sun daɗe da cewa jinkiri uku ke kashe mai haihuwa: na yanke shawarar fita, na hanya, da na samun kulawa bayan an isa. Biyun ƙarshe sun fi ƙarfina. Na farkon a tsakar gidajenmu yake, kuma nan ne nake ganin ajinmu ya gaza, domin mun bar tsofaffi da maza a waje.

Makarantar ungozoma ta Omdurman, da wata ungozoma 'yar Birtaniya, Mabel Wolff, ta buɗe a 1921, ba ta kori tsofaffin dayoyi ba. Ɗaukarsu ta yi, matan da ba su iya karatu ba, ta koya musu gane magani ta ƙamshi da ɗanɗano. Mu kuma yau sai mu riƙa yi wa iyayenmu kallon cikas. Da na fara cewa kowace mai ciki ta zo da uwar mijinta, wata dattijuwa ta ce mini, "'Yar nan, goma na haifa a ɗaki." Na ce, "Inna, Allah ya raya su. Cikin ƙawayenki fa, nawa ne ba su tashi ba?" Ta yi shiru, sannan ta fara lissafo sunaye. Yanzu ita ke tsawata wa masu cika wa mai jego kunun kanwa da tafasasshen wanka, bayan na gaya mata likitocin Zariya sun daɗe da danganta su da ciwon zuciya bayan haihuwa.

Maza kuwa ba za su zauna a tabarmar awo ba, kuma ban nemi haka ba. Malamanmu nake roƙo su ɗauki maganar bayan sallar Juma'a. Kafin magidanci ya tafi gona, ya bar kuɗin mota a hannun matarsa, ya nemi lambar mai raksha da zai amsa waya da dare, ya san ɗan uwan da zai ba da jini in an buƙata. Sannan ya faɗa da bakinsa, a gaban mahaifiyarsa, cewa in matarsa ta ga alama ta tafi asibiti ba sai an neme shi ba.