Wanda ya je Ranthambore bai ga damisa ba, ya yi asara?

A gandun dajin Ranthambore da ke jihar Rajasthan ta ƙasar Indiya, idan motoci suka dawo bakin ƙofa, tambaya ɗaya baƙi ke yi wa juna: "Kun gani?" Ba a ma ambaton sunan abin, domin kowa ya san damisa ake nufi, wato babbar damisar Indiya mai jan jiki da baƙin ratsi, wadda ta sha bamban da tamu mai roɗi-roɗi. Wanda ya ce bai gani ba, sai a dube shi da tausayi kamar wanda aka yi wa sane a kasuwa. A ra'ayina, wannan tambaya ce ke ɓata yawon, kuma ita ce ke takura wa dabbar da aka zo dominta.

An raba dajin shiyya 10, ana shiga sau biyu a rana, da sassafe da kuma bayan azahar, ko dai a ƙaramar mota buɗaɗɗiya mai ɗaukar mutum 6 ko a babba mai ɗaukar 20, kuma ba a yarda kowa ya sauka ƙasa ba. Abin da mutum ya biya kuɗin kujera ne da awa uku ko fiye kaɗan a cikin daji, babu wanda ya sayar masa da damisa. Amma da yake baƙo ya sa a ransa cewa haƙƙinsa ne ya gan ta, direba kuma ya san goron da zai samu ya danganta da fara'ar baƙon, da zarar labari ya bazu cewa ta fito bakin tafki, sai motoci su yi caa a wurin, ƙura ta turnuƙe, kowa ya miƙe da wayarsa, dabbar da ta zo shan ruwa ta rasa ta inda za ta ratsa.

Abin da ake tsallakewa a wannan gudu ba kaɗan ba ne. Akwai kadoji da ke shan hantsi a gefen tafkin Padam, da manyan barewa da suke kira sambar tsaye cikin ruwa suna cin ciyawa, da ɗawisu a ko'ina, ga tsohuwar ganuwar Ranthambore a kan dutse, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Mafi daɗi a wajena shi ne lokacin da ɗan jagora ya sa aka kashe mota aka yi shiru, yana duba sawu a ƙura, yana sauraron kukan gargaɗin biri daga saman bishiya da amsawar barewa daga ƙasa, har ya ce maka damisar tana nan kusa, ta nufi gabas. Ko ba ta fito ba, ka san ita ta gan ka.

Na san za a ce kuɗin masu yawon buɗe ido na cikin abin da ya raya dajin, kuma ban musa ba. Sai dai a tuna yadda aka kai nan. Gwamnatin Indira Gandhi ta ƙaddamar da shirin ceton damisa a 1973 da gandun daji 9, Ranthambore na cikinsu, aka tashi ƙauyuka daga filayen da suka gada domin a bar wa dabbar wuri. Duk da haka ƙidayar 2006 ta nuna 1,411 kacal suka rage a faɗin Indiya, kafin a kai kimanin 3,682 a 2022. A gandun dajin Sariska, cikin wannan jiha ta Rajasthan, mafarauta sun ƙarar da su ƙaf, har sai da aka ɗauko wasu daga Ranthambore a 2008. Dabbar da aka sha wannan wahala a kanta ba ta cancanci a riƙa tare mata hanya saboda hoto ba.

Mu ma nan haka muke yi, wani zai je Yankari ya yi wanka a ruwan Wikki, ya ga gwanki da gyado, ya dawo yana cewa bai ga komai ba tunda giwa ba ta fito ba.

Don haka idan Allah Ya kai ɗayanku Ranthambore, ya zaɓi watan Afrilu ko Mayu in zai iya jure zafi, lokacin da ƙishi ke tara dabbobi a bakin ruwa, kuma tun kafin mota ta tashi ya gaya wa direba cewa goronsa na nan, an gani ko ba a gani ba.